Lihafin da Hajja Sakina Ta Dawo Mana da Shi

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyata, Hajja Mairo ta unguwar Kalakla a Khartum, Allah ya jiƙanta da rahama. A shekarun baya, duk sanda watan rasuwarta ya kama, baƙin cikina shi ne ta tafi da wuri. Bana kuwa sai na ji ina gode wa Allah da bai bar ta ta ga abin da na gani ba. Wannan godiyar ma kunya take ba ni.

Duk wanda ya san Inna, da lihafi ya san ta. Bargo ne da ake ɗinkawa da hannu: a harhaɗa ƙyallaye su zama fuska, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a bi shi da allura layi bayan layi har ya kama jikinsa. A gonakin Jazira ta tashi, iyayenta 'yan tsinkar auduga ne, don haka ko da Baba ya kawo mu Khartum ya kama aiki a wani gareji a Alshajara, hannunta bai rabu da auduga ba. Takan shiga mota har kasuwar Omdurman, ta bi rumfunan teloli tana karɓar guntayen yadi, ta dawo da buhu a ka. Bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta miƙe ƙafa, ta kama ɗinki har a kira magariba. Lihafi ɗaya kan ci mata watanni.

Ba ta taɓa sayar da ko guda ba. Na 'yan gida ne kawai. In 'yarta za ta yi aure, ko ɗanta zai yi tafiya mai nisa, ko an yaye jika, sai ta ɗinka masa nasa, da koren yadi a gefe, wanda shi ne alamarta. Duk layinmu an san haka. Maƙwabciyarmu Hajja Sakina, Balarabiya 'yar arewa, wadda katanga ɗaya ta raba mu da ita, ta sha roƙonta ta ɗinka mata ɗaya. Inna takan yi dariya ta ce, "Sakina, ki nemi idona in ba ki, amma lihafi na jini ne." Su kwashe da dariya, su ci gaba da shan gahawarsu. Aminai ne na gaske. Hajja Sakina ce ta tsaya a kan wankan gawar Inna.

A cikin duk waɗanda ta ɗinka, wanda ya fi cin ranta shi ne na Nasiru, ɗan yayana Malam Haruna. Sunan da na sa masa a nan ba nasa ba ne. Yana ƙarami mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwa, Inna ta ɗauko shi ta riƙe. Ta buɗe akwatin marigayiyar, ta fito da tufafinta, ta yayyanka su da hannunta, ta haɗa masa lihafi da su: shuɗi mai ɗigon fari, ruwan ƙwai mai ganye, da jan mayafin da ta sa ranar aurenta a tsakiya. Na girman babban mutum ta yi shi. Da na ce ya yi wa yaro yawa, sai ta ce, "Zai girma ya cika shi. Duk inda ya kwanta, uwarsa ce ta rufe shi."

Ya girma kuwa. Ya zama direban raksha, wato keken haya mai ƙafa uku, ya yi aure, aka haifa masa 'ya mace. Inna ba ta ga auren ba.

Da yaƙi ya iso Kalakla, muka watse kamar kowa. Ni da 'ya'yana da Yaya Haruna muka nufi garin Gadarif wajen dangi. Hajja Sakina ta kulle gidanta ta bi ɗanta zuwa arewa. Nasiru ya ce shi ba inda za shi, zai zauna da iyalinsa ya tsare gidan Haboba, kamar yadda yake kiran kakarsa. Muka yi ta sa masa albarka. A Gadarif, duk wanda ya tambaye mu gida sai mu ce ai muna da namiji a can. Daga baya ya aiko cewa zama ya gagara, ya kwashe iyalinsa zuwa gidan surukansa a unguwar Hajj Yusuf. Ba wanda ya ga laifinsa.

Da hanya ta buɗe muka dawo, muka tarar da gidanmu kamar sauran gidajen layin: ƙofa a ɓalle, an zare wayoyin wuta daga bango, ko cokali ba a bari ba. Muka share, muka kwana a ƙasa, muka gode Allah da rai. Hajja Sakina ta riga mu dawowa. Muka rungumi juna muka yi kuka, muka lissafa waɗanda suka mutu da waɗanda ba a san inda suke ba.

Wata safiya ina wanke-wanke sai ga ta ta shigo da ƙunshi a hammata. Ta tsufa sosai a shekarun nan, tafiya ma sai da sanda. Ta zauna a bakin gadon igiya da muka aro, ta kwance ƙunshin. Tun kafin ta gama warwarewa na ga koren gefen, na ga jan mayafin a tsakiya.

Ta ce da ni da Larabci, "'Yata, a ɗakina na same shi. A shimfiɗe a ƙasa, daga inda firji yake zuwa bakin ƙofa."

An wanke shi tas, an ninke. Amma wanki bai fitar da layukan tsatsa biyu da suka ratsa shi ba, irin na abu mai nauyi da aka ɗora aka ja. A gefe guda ya yage kusan kamu biyu, an ɗinke yagewar da farin zare, ɗinki manya-manya na mai raunin ido.

Na buɗe baki na ce, "Hajja, ɓarayin da suka shiga gidanmu ne suka ɗauka suka..."

Ta ce, "Haka ne, mai yiwuwa." Ta dafa sandarta ta tashi. "Na ga dai bai kamata aikin Mairo ya kwana a ƙasa ba."

Na riƙe wannan magana ta ɓarayi kamar yadda mai nutsewa ke riƙe abin da hannunsa ya samu. Ai zai yiwu. An shiga gidanmu, an shiga nata, wa ya san wanda ya ɗauki me ya kai ina? Sai dai na san abu ɗaya da ya hana ni barci: Nasiru bai taɓa kwana ko'ina ba tare da lihafin nan ba. Har gidan aurensa da shi ya tafi. Ba zai bar shi a Kalakla ya tafi Hajj Yusuf ba, sai in akwai dalilin da ya hana shi komawa ya ɗauko.

Na kai wa Yaya Haruna maganar. Malami ne, ya yi shekaru yana karantar da yaran unguwa, har da jikokin Hajja Sakina. Ya dubi lihafin ya daɗe, sannan ya ce, "Allah ya rufa, ke kuma za ki tona? Matar nan ba ta ce komai ba. Ki sa shi a akwati." Ban ga laifinsa ba. Ɗansa ne. Amma na lura tun daga ranar ya daina bi ta ƙofar gidanta in za shi masallaci, sai ya zagaya ta bayan layi.

Na rasa wanda zan tambaya, sai na koma tambayar wadda ba ta nan. Da Inna na da rai, me za ta yi? Na tuna sanda akuyarmu ta tsallaka ta cinye wa Hajja Sakina shukar na'ana'a. Ba wanda ya gani, Inna ce kaɗai ta ga ganyen a bakin akuyar. Ta ja ta da igiya har tsakar gidan matar ta ce, "Ga ɓarauniyarki, ki yanke mata hukunci." Abin dariya ne a lokacin. Amma haka take a ƙaramin abu da babba, ba ta iya haɗiye abinci in akwai hakkin maƙwabci a wuyanta.

Na sa lihafin a leda na shiga mota zuwa Hajj Yusuf. Na samu Nasiru a ƙofar gidan surukansa, yana kwance a ƙarƙashin raksha yana gyara. Ya fito yana murna yana cewa, "Goggo! Marhaba!" Ya rame, har furfura ta fara fito masa. Na buɗe masa bakin ledar. Murmushin ya tafi. Ya goge hannunsa a wando, ya sake gogewa, bai taɓa lihafin ba.

Na ce, "Kai ne?"

 Ya fara magana, rabi Hausa rabi Larabci, idonsa a ƙasa. Ya ce ƙofar gidan Hajja Sakina a ɓalle ya same ta, wasu sun riga sun shiga. Ya ce 'yarsa ta kwanta da gudawa, ba magani, ba abinci, rakshar ma ba mai. Ya ce kowa ɗauka yake yi, in bai ɗauka ba wani zai ɗauka kafin yamma. Ya ɗauki firjin, da tukunyar gas, da injin walda na marigayi mijinta. Shi kaɗai ne, ba mai kama masa, shi ya sa ya koma gida ya ɗauko lihafin ya ja kayan a kai. Da ya ji ya yage a bakin ƙofa, sai ya kasa juyawa ya dube shi.

Ya ce, "Wallahi Goggo, sau nawa na zo bakin ƙofar nan in ɗauko shi, ƙafata ta ƙi shiga."

Na yi niyyar in zage shi. Tun daga Kalakla nake shirya maganganun da zan faɗa masa. Amma sai yarinyar ta fito da gudu ta riƙe ƙafarsa, da ranta, da lafiyarta, tana leƙena. Ni da na gudu Gadarif na ci na ƙoshi a gidan dangi, me zan ce? Ban ce ya yi daidai ba, don bai yi ba. Matar da ta yi masa wanka yana yaro, ta ba shi abinci a kwanon 'ya'yanta, ita ya shiga ɗakinta. Na miƙa masa ledar. Ya girgiza kai ya ce, "Ba yanzu ba." Na dawo da ita.

Washegari na shiga gidan Hajja Sakina. Tunda nake ban taɓa jin nauyin taku kamar na ranar ba, alhali ƙofa da ƙofa ne. Na same ta tana hura gawayi, don har lokacin ba ta da gas. Na durƙusa na ce, "Hajja, ba ɓarayin waje ba ne. Namu ne."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani. Mai gadin masallaci bai gudu ba, ya gaya mini tun ranar da na dawo." Ta ci gaba da fifita wutar. "Firji ba ya damuna. Injin ne. Shi kaɗai ya rage mini na mijina Abu Usman, ɗana kuma da shi zai ci abinci."  Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta wannan lokaci ba. Na ce ta yafe mana. Ta ce, "Ke me kika yi? Shi ya zo da bakinsa."

Bai zo da bakinsa ba, har yau. Abin da ya yi shi ne, wata safiya ta buɗe ƙofa ta tarar da tukunyar gas cike a bakin zaure, mai raksha kuma ya riga ya sha kwana. Injin waldan yana ta nemansa a kasuwannin tsofaffin kaya, bai same shi ba, ban kuma sa ran zai same shi ba. Ta aiko ni in gaya masa, in ya sake zuwa ya ƙwanƙwasa, gidan ba kango ba ne.

Ranar Juma'ar da ta wuce muka yi sadakar shekara. Ba mu da abin yanka, fatta muka yi, wato burodin da ake jiƙawa da miya, da ɗan abin da ya samu. Nasiru ya zo a makare, ya tsaya a zaure ya ƙi shigowa. Hajja Sakina na zaune a cikin mata tana zuba miya. Da aka ce mata ga shi can, ta cika tire, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji ta ce, "Jikan Mairo, zo ka kai wa maza abinci."  Ya ratso mata kansa a sunkuye, ya durƙusa a gabanta ya karɓa. Da ya ɗaga, miyar ta zuba a gefen tiren. Ta ce, "Riƙe da kyau." Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan.

Na zauna ina lissafin abin da ya rage na Inna bayan shekara tara. Lihafan da ta ɗinka yawancinsu sun tafi: wasu sun ƙone, wasu an sace, ɗaya an binne wata ƙanwata da shi a hanyar gudun hijira saboda ba a samu likkafani ba. A cikinmu ba wadda ta koyi ɗinkin. Sunan gidanmu da ta bari fes, mun sa masa tabo, kuma layin nan ba zai manta da wuri ba. Mutane da yawa a garin nan sun ɗauki abin da ba nasu ba a waɗannan shekaru, suna tafiya yau ƙirji a buɗe, suna gaisawa da waɗanda suka yi wa ɓarna. Nasiru ya kasa. Mahaifinsa ya kasa. Ni ma na kasa. Ba mu da abin alfahari, amma wannan nauyi da ya hana mu ɗaga kai, a wajen Inna muka samo shi, kuma ba na roƙon Allah ya ɗauke mana shi kafin mu biya abin da ke kanmu.

Da aka watse, na leƙa zaure na ga Nasiru zaune shi kaɗai. Kowa ya ci ya tafi, nasa kason na gabansa bai taɓa ba. Allah ya jiƙan Hajja Mairo, ya kai haske kabarinta, ya ba jikanta ƙarfin ƙwanƙwasa ƙofar nan.