Goggo Meng da Bargon Gida Ɗari

Kafin kowa ya hura wuta a Lungun Masu Man Riɗi, Goggo Meng ta sha kunun geronta, ta naɗe ƙafa a kan gadon bulo mai ɗumi, ta jawo kwandon ƙyallaye kusa da taga. Sai ta goga allura a furfurarta don ta yi santsi, ta fara ɗinki. Haka take tun tana amarya. Yanzu sai ta yi ta lalube kafin zare ya shiga ramin allura.

Watan ƙarshe na shekara shi ne watan wahalarta. Kowane gida sai ya farke bargunan auduga, a wanke, a shanya, a mayar da ɗinki, domin da Sabuwar Shekara ta kama an ajiye allura ke nan, ba mai taɓa ta sai wata ya ƙare. Matan da ba su iya ba, da waɗanda lalaci ya kashe, duk a ɗakinta suke jibgewa. Tana karɓa tana yi musu tsiya, wai ɗinkinsu ko kaza sai ta bi ta tsakani ta wuce.

Amma abin da aka san ta da shi bargon gida ɗari ne. In an haihu a lungun, ita ke bin gida-gida tana roƙon ƙyalle daga tufar da mutanen gidan suka taɓa sawa, ta haɗa wa jariri bargo, don albarkar gida ɗari ta rufe shi ya rayu. Tsoho Dou mai gyaran keke shaida ne. Shekarar da aka haifi ɗansa bakwaini, ya gan ta cikin dusar ƙanƙara har gwiwa tana ƙwanƙwasa ƙofofi, har da na waɗanda ba sa ga-maciji da shi. Yaron nan yanzu ƙato ne mai tumbi da mota. Ko godiya ba ta tsayawa ji.

Bana aka shafa wa lungunmu jan fentin rusau, mutane suka kwashe zuwa dogayen benaye a bakin gari. Bana kuma, a farkon watan ƙarshe, aka haifa wa Goggo Meng jikarta ta fari, ita ma bakwaini, tana cikin kwalba a asibiti. Mu 'yan tsirarun da muka rage muka ba ta abin da muke da shi, amma ko matashin kai ba zai rufe ba. Shekara na ƙaratowa, yarinyar kuma ba a san ko za ta iya jiran hutun allurar ɗinki har wata guda ba.

Tsohuwar nan ta shiga motar haya ta tafi benayen. Mai gadi ya tsare ta a ƙofa kamar mai talla. Waɗanda suka buɗe, wannan ta ce tsofaffin kaya ai an zubar lokacin tashi, waccan ta tura mata kuɗi a jar ambulan ta bakin ƙofa. Matar ɗan Dou kuwa wayarta ta ciro.

"Haba Goggo, wa ke wannan yanzu? Bari in sayo miki bargo a waya, gobe ya iso."

"'Yata, gida nawa ne a cikin bargon kanti?" in ji ta, ta juya ta sauko.

Abin da ya fi ciwo yana jiranta a hanyar gida. Ta ɓangaren da aka riga aka rushe ta biyo, sai ta hango gefen wani ƙyalle a ƙarƙashin fasassun bulo. Ta san ɗinkinta. Bargon ɗan Dou ne, kare ya mai da shi makwanci. Ta bi kangwayen ɗaya bayan ɗaya. Wani bargon an toshe taga da shi, wani an goge baƙin mai an yar.

Tsoho Dou ya same ta durƙushe tana ja, ya ce, "Yaya, bar shi, ƙazanta ne."

Ta ɗora yatsa a kan wani shuɗin yanki. "Wannan rigar marigayiya matarka ce. Ita ce ƙazantar?"

Ya ɗora kayan a kekensa ya tura mata har gida.

Ta dafa su, ta wanke, ta farke, ta yanko daga kowanne. Jajibirin shekara da la'asar ta yanke zaren ƙarshe da haƙori, ɗanta ya ruga da bargon asibiti, aka shimfiɗa a kan kwalbar. Yarinya tana nan tana numfashi. Goggo Meng ta soke allurarta a bakin kwando ta ce ita da ɗinki har abada, ido ya ƙare.

Ke ce uwar barguna, Goggo Meng. Ke ce kika roƙa wa 'ya'yan kowa, ranar da kika roƙa wa naki aka nuna miki waya. Mun gode, ko da godiyar tamu ta zo a makare kuma ba ta rufe jariri.

Ku kuma na benaye, masu sabon ɗaki da sabon bargo, ƙofarta tana nan har bazara kafin katafila ta iso. Ku zo ku gaishe ta, wata a cikinku ta zauna ta koyi riƙon allura tun da sauran mai nunawa. In kuka ɗaga kofi kuna murna ranar shekara, ku sani tufafin iyayenku ne ke rufe da jikarta. Ba ku kuka bayar ba. A bola ta tsinto.