Saura Santimita Ɗaya

Kuwabara Teruo ya yi shekara talatin da takwas yana aikin awon filaye a ofishin gari, kuma duk wanda ya yi aiki da shi ya san ba ya cewa "kusan". In ka tambaye shi nisan gidansa da tashar mota, adadin mita zai faɗa maka. Matarsa Fumie takan ce tef ɗin awo ta aura, aka ɗaura masa taye. Yanzu shekararsa saba'in da ɗaya. Duk Talata da Juma'a yakan hau motar ƙarfe tara da kwata, ya sauka a ƙofar wurin wasa na Kazamori, ya nuna katinsa na shekara, ya shiga shi kaɗai.

Ba ya hawa komai. Yakan wuce lilon dawakai, ya hau tudun da ke kallon teku, har inda ake shiga ɗan jirgin nan mai hawa da gangara da yara suke kira Tsattsewa. A bakin dandamalin akwai ginshiƙin katako mai jan layi a santimita ɗari da ashirin. Yaron da kansa bai kai layin ba, ba ya hawa. Tun zamanin masu wurin na farko, duk ranar biyar ga Mayu, ranar yara, mai kula da jirgin takan tsayar da yaro ba takalmi, ta ɗora allo a kansa, ta tsaga katakon da 'yar wuƙa, ta rubuta sunansa da tawada. Otake Sumiko ce take wannan aiki tun tana budurwa, har ga shi ta yi furfura.

'Yarsa Chisato tana da tsaga shida a jikin ginshiƙin. Ta ƙarshe, tana shekara takwas, ta tsaya a ɗari da sha tara. Ranar Otake ta raɗa masa cewa in yarinyar ta mayar da takalminta ai ta wuce layin, kuma ba wanda zai sani. Ya ce ƙa'ida ba takalmi ta ce. Ya dubi Chisato ya ce mata sai baɗi. Ba ta yi kuka ba, ta ce za ta riƙa shan madara kofi biyu. A watan Janairu sanƙarau ya kama ta, kwana uku ta rasu.

Shekara ashirin da biyu ke nan. Fumie ba ta sake taka Kazamori ba. Har yau "Baba" take kiransa, yadda ta saba tun aka haifi yarinyar. Da safe ita takan ajiye 'yar shinkafa a gaban hoton Chisato, shi kuma ya ɗauki hularsa. Ba ta tambayarsa inda za shi, shi ma ba ya faɗa.

Shekara shida da suka wuce, iyalin da suka gina wurin suka sayar wa wani kamfani daga babban birni. Aka cike kandamin kifaye aka gina kanti a kai. Babban agogon furanni na lambun wurin ya tsaya a huɗu da minti goma, ya shekara uku a haka. Fentin dawakan lilo ya riƙa ɓarewa, biyu daga cikinsu aka rufe su da tamfol aka manta. Amma zomon da ke tambarin kamfanin, rawaya mai manyan idanu, kullum sabo yake: ga shi a kofi, a laima, a ƙofar banɗaki. Aka karkatar da hanyar fita ta bi ta tsakiyar kantin, ta ƙaru da mita ɗari da arba'in. Kuwabara ya auna.

Tsofaffin masoya wurin sukan taru a benci kusa da mai sayar da taliya, su yi ta zagin kamfanin, su ɗauki hoton tsatsa su watsa a waya. Babban mai bakinsu Shimoda ne, direban tasi. Kuwabara yakan zauna a ƙarshen bencin, ya saurara, bai cika sa baki ba. Shi wasiƙa yake rubutawa ya jefa a akwatin shawara, kuma yadda aka koya masa yake rubuta ta: ya fara da gaisuwar yanayi, ya gode wa ma'aikata, ya yabi abin da ya cancanci yabo, sannan can a ƙarshen shafi na biyu ya taɓo abin da ya kawo shi, a hankali, don kada mai karatu ya ji kunya. Bakwai ya rubuta a kan agogo da dawakai. Ba a amsa ko ɗaya ba.

Da aka manna sanarwar za a sabunta dandamalin Tsattsewa, ya rubuta ta takwas. Ya kwana uku yana gyara ta. A layin ƙarshe ya ce, idan ba zai takura wa aiki ba, ko za a bar tsohon ginshiƙin yadda yake. Bai ambaci Chisato ba. A ganinsa ba daidai ba ne mutum ya ɗora wa baƙo nauyin rashinsa.

Bayan mako biyu ya tarar da shafin farko na wasiƙar an buga shi da manyan baƙaƙe a allon ƙofa, ƙarƙashin "Muryar Baƙinmu", zomon yana ɗaga hannu a gefe. An sa "K., shekara 71".

"Kuwabara-san, ashe kai ne mawaƙin kamfani," in ji Shimoda, yana jan "san" ɗin girmamawa da ba'a, da Kuwabara ya iso bencin. "Me suka ba ka, kofi mai kunnen zomo? A ce maka rufin banɗaki na yoyo, kai kana gaishe da furen bazara."

Sauran suka yi dariya. Ya sunkuyar da kai, ya ce ya ba su kunya, su yi haƙuri. Daga ranar, in ya zo sai ya ga an ajiye jaka a ƙarshen bencin, inda yake zama. Ya koma cin taliyarsa a tsaye.

Ranar da aka buɗe dandamalin, ya tarar an naɗe ginshiƙin da leda mai gam daga ƙasa har sama, an zana zomon yana riƙe da ma'auni. Otake ta ce masa ya kwantar da hankali, ba su yanke shi ba, riga kawai suka sa masa. Ya tsaya yana kallon sabon jan layin, idonsa na shekara talatin da takwas ya ce masa akwai magana. Ya ciro tef daga aljihu, ya durƙusa. Ɗari da sha takwas. Ya sake aunawa. Ɗari da sha takwas.

Ya daɗe a zaune a kan matakala. Da wannan layin ne, da Chisato ta wuce har da rarar santimita ɗaya. Ya ga wani uba ya tsayar da 'yarsa, kanta ya taɓa layin da ƙyar, ta yi tsalle ta ruga ta shiga jirgin. Ya bi ta da ido har ta sauka lafiya. Sannan ya tashi ya nufi ofis.

Manajan, Hoshina, bai wuce shekara talatin da biyar ba. Kuwabara bai yi gaisuwar yanayi ba. Ya ce layinsu ya yi ƙasa da santimita biyu, kuma sandar da ke riƙe mutum a kujera ba ta san zomo ba. Fuskar manajan ta sauya. Ya ɗaga waya ya sa aka tsayar da jirgin, ya yi ta sunkuyo yana godiya. Da ya ji sunan, ya tambaya ko shi ne K., ya ce wasiƙarsa ta ƙarfafa wa ma'aikata gwiwa ƙwarai.

"Ka karanta ta har ƙarshe, Hoshina-san?"

Manajan ya ce wasiƙu suna da yawa, shafin farko ake dubawa a ware na yabo da na ƙorafi.

"'Yata tana ƙarƙashin ledar nan," in ji Kuwabara. "Sau shida."

Shi kansa ya yi mamakin yadda maganar ta fito gajera. Hoshina ya gane ba tare da an ƙara masa ba. Ya ce zanen daga hedikwata yake, ba shi da ikon barin ginshiƙin a buɗe. Amma ranar Juma'a za a ɓare wannan a manna daidaitacciya, kuma tsakanin ɓarewa da mannawa akwai kamar awa ɗaya kafin a buɗe ƙofa.

Ranar Juma'a ya hau motar ƙarfe bakwai, ya zo da doguwar takarda mai laushi da fensir. Da aka ja ledar, gam ɗin ya tafi da tawadar. Sunayen duka sun bi ledar, aka naɗe ta aka jefa a baro. Abin da ya rage tsage-tsage ne, ɗaruruwa, a fuska huɗu, ba wanda ya san na wane ne. Ya san lambobin Chisato da ka, ya auna ya kai ɗari da sha tara, ya tarar da tsaga tara a wannan tsayin. Ya tsaya da tef a hannu. Leburori biyu suna jira da sabuwar leda.

Otake ta zagaya fuskar da ke kallon teku, ta sa farce a wata tsaga da ta fi sauran zurfi.

"Ga ta nan, mai awo," ta ce. "Haushinka na ji ranar, shi ya sa na danne wuƙar. Sauran biyar suna ƙasanta, a layi ɗaya nake yi wa kowane yaro."

Ya duba, lambobin suka yi daidai ɗaya bayan ɗaya. Ya shimfiɗa takardar, Otake ta riƙe masa sama, ya goga fensir a kwance har tsage-tsagen suka fito fari a cikin baƙi. Ya sa ɗan ɗigo a gefen shida daga ciki. Sannan ya ja baya, ya ce wa leburorin ya ɓata musu lokaci. Kafin su manna, shi ya nuna musu inda ɗari da ashirin yake.

A gida ya tarar da Fumie tana yanka kabeji. Ya warware takardar a kan tebur. Ta goge hannu, ta duba, ba ta tambaye shi ko mene ne ba. Ta ce ya nuna mata daga ƙasa. Ya auna a jikin bangon kicin, ya manna takardar. Ta matso, ta ɗora tafin hannunta a kwance a kan tsaga ta sama, kamar yadda ake ɗora allo. Hannun ya tsaya mata daidai ƙirji.

Ya fara ba ta labarin takalmin, wanda bai taɓa gaya mata ba. Ta ce ta sani.

"Ta gaya mini tun ranar, Baba. Cewa ta yi saura ɗaya, kai ka auna. Da alfahari ta faɗa."

Ta koma kan kabejinta. Takardar tana nan a bangon, tururi ya ɗan naɗe gefenta.

Ranar Talata ya hau motar tara da kwata. Agogon furanni yana huɗu da minti goma, shafinsa yana nan a allon ƙofa, jaka tana ƙarshen bencin. Ya ci taliyarsa a tsaye, ya ciro takarda ya fara wasiƙa ta tara. Shafi ɗaya ce, kuma da agogon ya fara.