Masarar da Na Ɓoye a Funtuwa

A gidanmu na Tsiga, idan an gama girbi, kakarmu Iya Tabawa takan hura wuta da totuwar masara a ƙofar ɗakinta. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa da 'yar gyaɗarsa yana turawa cikin toka. Ni take ce wa mijinta, wai tun da na aure ta ko goro ban taɓa saya mata ba. "Matso kusa, miji marowaci," in ji ta, "yau labarin danginka zan ba da."

Labarin wani Tanko ne da matarsa, zamanin da ake ciniki da wuri. Tanko ya sayar da audugarsa, ya zuba kuɗin a tukunya, ya binne a ƙarƙashin rumbu don kada matar ta gani ta ce a saya mata zane. Ita ma tana kaɗi tana sayar da zare, ta cusa nata a jinkar rumbun nan don kada ya ce ta ranta masa. Kullum sai su zauna suna yi wa juna kukan babu. Har rantsuwa suka yi a gaban maƙwabta cewa ba su da ko wuri ɗaya, maƙwabta suka ji tausayi, suka riƙa aiko musu da tuwo.

Ran nan aka yi ruwa da iska, rumbu ya kife, wuri ya watse a tsakar gida, jama'a suka taru. Mai unguwa ya ce na wane ne? Tanko ya dubi matarsa, matar ta dubi Tanko, kowa ya tuna rantsuwarsa, aka rasa mai buɗe baki. Sai aka kwashe kuɗin aka raba wa maƙwabtan da suka daɗe suna ciyar da su.

Mukan yi dariya har da faɗuwa. Iya ba ta dariya, sai ta gyara wuta ta ce, "Ku dai yi ta yi. Ɗaki ɗaya suke kwana, amma kowa gadin ɗan'uwansa yake."

A lokacin na ɗauka labarin wawaye ne, ni kuwa ban taɓa sa kaina cikin wawaye ba.

Yanzu ina zaune a Malumfashi da matata Hadiza. Bara na kai masarata wani sito a Funtuwa na ajiye, ina jiran ta yi tsada, ban gaya mata ba. A ganina mace in ta san kana da abu, buƙatu ba sa ƙarewa. Da damina ta faɗi, taki ya yi tsada, na shigo gida ina ƙorafi, har na ce mata wallahi hannuna babu komai. Tana da wata tunkiya da ta daɗe tana kiwo don ta sayi keken ɗinki. Washegari ta ba ƙanenta ya kai ta kasuwar Ɗanja, ta ɗora mini kuɗin a hannu. Na karɓa, har da sa mata albarka.

Ana tsakiyar damina, mai siton ya kira ni a waya bai same ni ba, sai ya biyo gida ya bar saƙo. Na dawo da yamma, Hadiza ta ajiye mini tuwo, ta zuba ruwa a kofi, sannan ta ce, "Baban Sadiya, wani ya zo daga Funtuwa. Ya ce kwanon sito yana yoyo, ka je ka kwashe masararka kada ta jiƙe."

Na mayar da lomar da ke hannuna cikin kwano. Na jira faɗa, na jira kuka, ban samu ko ɗaya ba. Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau ina jin ta idan muka haɗa ido.

Na sayar da masarar, na sayo keken ɗinkin, ta yi godiya kamar yadda ake yi wa baƙo. Sai yanzu na gane abin da ya hana Iya dariya: ba kuɗin ne babbar asarar su Tanko ba, ai bayan jama'a sun watse, su biyun dole su koma ɗaki ɗaya.

Kwanan baya Sadiya, 'yarmu, ta ce mini mamanta ta sayi 'yar tunkiya da kuɗin ɗinki. Na leƙa garke ban gan ta ba. Ashe Hadiza a gidan mahaifiyarta ta ɗaure ta.