Giɓin Hatimin Gurasa

Na daɗe ina koyar da tarihi a wata makaranta a unguwar Zahir ta Makka, kuma babu darasin da na iya kamar Yaƙin Cacar Baka. Bayanina gajere ne. Ƙasashe biyu sun haɗu sun kayar da abokin gaba, suka ɓata wajen rabon duniya. Amurka ta ce kasuwa ta mai kasuwa ce. Tarayyar Sobiyet ta ce ta hukuma ce, har da mai kasuwar. Kowacce ta ƙera bam ɗin da ba ta isa ta jefa ba, sai suka koma harara. Yara su haddace, su ci jarrabawa.

Wanda yaƙin ya ci da gaske kuwa yana lungunmu a Misfala: mai gasa gurasar tamis, jinin mutanen Bukhara, wadda ta faɗa hannun Sobiyet. Mahaifinsa ya gudo lokacin da aka fara rufe masallatai a can, ya bar ƙanwarsa ƙarama, a kan zai koma ya ɗauko ta bayan Hajji. Aka rufe iyaka. Har ya rasu ko wasiƙa bai samu ba. Ya bar wa ɗansa tanda, da wasiyyar ya nemo ta, da hatimin katako mai ƙusoshi da ake danna wa gurasa ado. Kakan mai gurasar ne ya sassaƙa guda biyu, ɗayan ya zauna a gida can Bukhara.

Da Sobiyet ta rushe, alhazan can suka fara kwararowa. Na karɓi binciken a ilimance: na rubuta sunan iyalin a takarda, na bi masauki masauki ina nunawa. Hajji biyu, ban samo komai ba sai ciwon ƙafa.

Gwaggona, wadda ta zo ta Sudan tana yarinya kuma take sayar da turare a bakin lungu, ba ta karatu. Ta dube ni da takardata.

"Ustaz, mutanen da suka tsufa suna tsoron takarda, kai kuma ka tare su da takarda?"

"To da me zan tare su, Gwaggo?"

Ba ta kula ni ba. Ta leƙa tanda.

"Kai Bukhari, gasa min ashirin. Duk tamis ɗin Makka na ci, naka kaɗai ke da giɓi."

Gaskiyarta. Zagayen hudojin gurasarsa bai cika ba. Kakan ya bar gurbin ƙusa ɗaya da gangan a kowane hatimi, wai cikakken aiki na Allah ne. Shekara talatin ina cin gurasar nan, ban taɓa kallonta ba.

Kullum da hantsi Gwaggo ta ɗora tire a ka, ta bi masaukan alhazan can tana raba sadaka. Rana ta shida, wata tsohuwa mai haƙoran zinare ta karɓa, ta kai baki, ta fasa. Ta bi hudojin da yatsa har ta zo giɓin. Sai ta cafke wuyan hannun Gwaggo. Babu mai jin yaren wata, amma haka suka gangaro lungu, Gwaggo na gaba tana ihu: "Bukhari! Fito, na kamo maka!"

Ya miƙa wa tsohuwar hatimin. Ta juya shi, ta kira sunan yayanta, irin na gida wanda babu shi a takardata. Ranar gurasa ta ƙone a tanda, lungu ya cika da guɗa, Gwaggo ta raba turare kyauta, abin da ba a taɓa gani ba.

"Ustaz," ta ce, "wannan a shafi na nawa yake?"

Yau bama-baman suna nan, hararar ma tana nan, ta dai sauya tufafi. Lungunmu ya zama otal. Amma ina tuna abin da tsohuwar ta faɗa da aka gaya mata yayanta ya rasu, ɗan ya fassara mana da guntun yaren da ya rage masa. Ta share ido da gefen mayafi, ta gutsuri gurasar.

"Ya ce in jira shi bayan Hajji," ta ce. "Na ga ya daɗe, shi ne na biyo sawu."