Gwajin da Kawu Labo Ya Ƙi Gamawa

Duk wanda ya taɓa kai rediyo ko tele shagon Kawu Labo a Sabon Gari ya san da hanci yake fara karɓar kaya. Zai kara abin a fuska, ya lumshe ido, ya ja numfashi kamar mai sayen turare, sannan ya yanke hukunci: "Wanga ya ƙone," ko kuwa, "Wanga lahiyarshi lau, igiya ce ta tsinke." Tun da aka tashi daga zaman makokinsa kowa ke ba da nasa labarin, to ni ma ga nawa.

Shekarar da na faɗi da kabu-kabu a hanyar Jiratawa, ƙafata ta karye, mai ɗori ya ɗaure ni a ɗaki a gidanmu na unguwar Zariya. Da farko 'yan dubiya har sun yi yawa, daga baya ƙafa ta ɗauke. Abokina Rabe ne ya kawo mini akwatin wasan ƙwallo, irin wanda ake haɗawa da tele, sai abokai suka dawo suna cika ɗakin bayan la'asar. Na san akwatin suke zuwa wa, amma hayaniyarsu ce ke riƙe da ni. Ran nan aka kawo wuta da ƙarfi, muka ji tas, akwati ya mutu. Abokai suka watse, aka bar ni da bango. Na daina cin abincin kirki, har Inna ta tsorata ta aika wa yayanta, wato Kawu Labo.

Ni dai ban sa rai zai zo ba, don kun san ba ya bin gidaje. Wani babban ɗan kasuwa ya taɓa aiko mota a ɗauke shi ya duba masa tele, Kawu ya leƙa motar ya ce wa direba, "Wuri ya isa. Koma ka ɗauko mara lahiyar." Amma sai ga shi a kan tsohon kekensa, da jakar aiki a rataye. Ya dube ni, ya dubi ƙafar. Ya ɗauki akwatin ya shinshina, ya juyo wajen Rabe, wanda ya leƙo duba ni ranar.

"Wa ya buɗe shi?"

"Ba kowa, Kawu."

"Ɗan nan, bakin kusoshin ga duk ya cinye. Ba ni gyaran abin da anka yi mani ƙarya a kanshi."

Rabe ya sosa ƙeya, ya ce ya ga fizibil, ɗan abin nan da ke katse wuta in ta yi yawa, ya ƙone ne, shi ne ya naɗe shi da takardar azurfar nan ta kwalin taba, ya sake kunnawa.

"La ilaha illallahu! Fizibil hwa mai gadi ne. Ɓarawo ya kashe mai gadi, kai kuma ka tashi ka buɗe mashi ƙohwa, har da shimhiɗa tabarma!"

Ranar na yi dariyar da na daɗe ban yi ba.

Ya baje kayansa a kan tabarma. Ya fara auna igiya da mitarsa, ya ga lafiyarta ƙalau, sannan ya ciro alimantasiyo, ɓangaren da ke karɓar wutar bango ya sassauta ta kafin ta shiga cikin na'ura. Rabe ya miƙa hannu zai taɓa, Kawu ya make shi.

"An cire daga bango, amma wanga ƙaramin tulun na riƙe da wuta. Shi tura ka lahira ba sallama."

Sai da ya sauke wutar tulun nan da suke kira kondansatar, sannan ya shiga bin allon da allurar mita, ɗaya bayan ɗaya. Tulun ya kumbura, wani ɗan baƙin abu kusa da shi ya ƙone, ga kuma kyankyaso a ƙame tsakanin wayoyi. Kawu ya ɗago shi da hantsaki, ya ce, "Wanga ma ƙwallo ya zo kallo."

Rabe ya ce bari ya ruga kasuwa ya sayo sababbin kaya. Wai! Kamar ya zage shi. Kawu ya zaro allon wata tele da ta girme ni, ya hure ƙura, ya narke dalma ya ciro abin da yake so. "Sabo ban san halinshi ba. Wanga mun daɗe tare." Da ya gama liƙawa, bai yarda ya ba akwatin wuta kai tsaye ba, sai da ya ratsa ƙwan fitila a tsakani. Ya ce in ƙwan ya haska ya tsaya, da sauran cuta. Ƙwan ya yi wal, ya dushe. Ya cire shi, ya danna, ƙaramar fitilar akwati ta kama.

"Kawu, ya gyaru!" in ji ni.

"Wa ya ce maka? Abin da wuta ta taɓa, sai an ga halinshi in ya yi zahi. Gwaji za a yi. Miƙo abin dannawar."

Mutumin da ke kiran wasan nan aikin marasa aiki, shi ne ya zauna gefen katifata yana danne-danne. Abokai kuwa ba su dawo ba, sun samu wani gida mai sabon akwati. Rabe kan leƙo jefi-jefi. Kawu ne kullum bayan la'asar sai na ji ƙarar kekensa a zaure. Bai taɓa iya wasan ba. Ya zura ƙwallo a ragarsa, in yi ihu, ya ce mai tsaron gidan yake gwadawa. In magariba ta gabato ya ɗora tafin hannu a kan akwatin, ya girgiza kai: "Da sauran zahi. Sai gobe."

Haka muka yi ta yi har ranar da na dogara sanda na taka zuwa ƙofar gida. Ya dube ni a tsaye, ya ce gwaji ya ƙare. Bai ƙara taɓa abin dannawar ba.

Ranar da muka dawo daga maƙabarta, matarsa Gwaggo Hajo ta kira ni ɗakinta. Ta ce duk tsawon lokacin nan rufe shago yake yi da la'asar, masu kaya su yi ta jira, ya dawo manyan yatsunsa na ciwo tana shafa masa man shanu. Ta tambaye shi wane irin gyara ne ba ya ƙarewa, ya ce, "Akwati tun ranar hwarko ya gyaru. Yaron ne in anka bar shi shi kaɗai, ƙahwar za ta warke, shi ba zai warke ba."

Ban samu na yi masa godiya ba, kuma abin yana ci mini rai. Ya Allah, bawanka Labo bai bar ni ni kaɗai a ɗaki ba, kada Ka bar shi shi kaɗai a kabarinsa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama. Amin.