Keken da Aka Haɗa wa Gingimari

A duk unguwar, Sai-Gobe ake kiransa, kuma shi ya ja wa kansa. Mai gyaran keke ne. Rumfarsa tana jingine da katangar wani tsohon sito, kwano huɗu a sama, benci ɗaya a ƙasa, sai tayoyi rataye a ƙusa. Ka kawo masa faci kawai, sai ya kifa keken, ya juya ƙafar baya, ya kafa babban yatsa kusa da rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, yana sauraro. In ya ji ƙafar tana rawa, ko da ta kaurin gashi ce, to ka haƙura ka koma gida a ƙasa. "Sai gobe," zai ce, ko kallonka ba zai yi ba. Mutane su tafi suna mita, gobe kuma su dawo, don keken da ya fita daga hannunsa yakan shekara bai nemi kowa ba. In an matsa masa sai ya ce sannu ba ta hana zuwa. Ragowar maganar, wato sai dai a daɗe ba a je ba, ba ya taɓa ƙarasa ta.

Yana da wa guda ɗaya wanda ya girme shi da shekara shida, ana ce masa Gingimari. Tun yana yaro haka Allah ya yi shi, ƙato, mai faɗin baya, mai sanyin hali. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya faki ido ya hau keken babansu a ƙofar gida. Bai ko taka feda ba, ƙafar baya ta lanƙwashe. Dukan da ya sha bai dame shi ba. Dariyar maƙwabta ce ta zauna masa a rai, don har ya yi gemu ana ba da labarin. Daga ranar bai sake ɗora ƙafa a kan keke ba. Da babansu ya rasu, shi ya riƙe ƙanensa, shi ya kama hannunsa ya kai shi wurin koyon gyara. Ya ce tunda shi ya lalata keke ɗaya, to ƙanensa ya gyara dubu, a yafe wa gidansu.

Abin takaici, aikin da Gingimari ya samu ya sa shi kallon kekuna shekara talatin da biyu. A gidan waya yake, a ɗakin tantance wasiƙu, tsaye gaban wani katako mai ramuka, yana jefa kowace wasiƙa a ramin unguwarta. Kullum da safe masu rabo su cika jaka, su haye kekunansu, su kaɗa ƙararrawa su watse, shi kuma yana leƙensu ta taga. In sabon mai rabo ya rasa gane adireshi, wurinsa ake tura shi. "Ka wuce gada, ka bar famfo a hagunka, gida na uku mai koren ƙofa. Ka yi hankali da karensu." Bai taɓa ganin gadar ba, balle karen. A bakin masu rabo ya haddace garin kaf, alhali tsakanin gidansa da ofis bai fi taku ɗari biyar ba.

Sati biyu da yin ritaya ya zo rumfar ƙanensa, ya zauna a benci, bencin ya yi ƙara. Ya daɗe yana kallon wani keke da aka kifa, sannan ya yi gyaran murya.

"Ƙanena, tsakaninka da Allah, akwai keken da zai ɗauke ni?"

Sai-Gobe ya ajiye sifana. Ya zaci wasa ne, har ya shirya dariya, sai ya ga yayansa ya sunkuyar da kai yana murza yatsu kamar mai neman alfarma.

"Likita ya ce in riƙa motsa jiki," in ji Gingimari. "Amma ba shi ne ba. So nake in ga wuraren nan da idona. Sai dai ba na so a sake yi mini dariya. Na tsufa da wannan."

"Yaya, ba mai yi maka dariya ina raye. Zan samo maka keke, kuma ni zan koya maka."

Washegari suka tafi shagon sababbin kekuna. Mai shagon ya tare su da fara'a, ya janyo wani ja mai ƙyalli, siririn taya, giya barkatai. Sai-Gobe ya matsa wayoyin ƙafar da yatsu biyu, waɗanda masu gyara ke kira sifok, ya ji sun yi laushi, ya ture shi gefe. "Wannan na 'yan gayu ne. Ko ni ba zai ɗauka ba." Haka suka bi layin, wannan firam ɗinsa ba ƙwari, wancan sirdinsa kamar wuƙa. Can a ƙurya suka tarar da wani baƙi, irin na masu dakon kaya, ya yi ƙura. Gingimari ya dafa kafaɗar ƙanensa, ya ɗaga ƙafa da kyar, ya zauna a hankali yana jiran ya ji ƙara. Shiru. Keken ya ɗauke shi. Fuskarsa ta washe, har haƙoransa na can ciki suka fito.

"Kai, wannan ma ai ya yi! Mu tafi da shi."

Da ma Sai-Gobe ya yi shiru a nan. Amma ina, hali zanen dutse. Ya durƙusa ya ƙirga wayoyin ƙafar baya, ya girgiza kai. Ya ce wata uku ba za su kai ba za su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ƙarfen tsakiya ya yi tsawo, mai koyo kuwa dole ƙafarsa ta taɓa ƙasa in ya tsorata. Ya ce birkin ba zai tsayar da mai nauyi a gangara ba. Duk gaskiya ya faɗa, ba ƙarya ko ɗaya a ciki.

"Sauko, Yaya. Da hannuna zan haɗa maka, wanda ba irinsa a garin nan."

Gingimari ya sauko. Ya shafa sirdin sau ɗaya, ya ce, "To, kai ka san aikinka."

Sai-Gobe ya fara da kai shi wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya ɗora shi a kan sikelin buhu. Kilo ɗari da arba'in da biyu. Ya rubuta da alli a katangar sito, komai kuma a kan wannan lambar ya gina shi. Ya samo firam na baƙin ƙarfe mai kauri, wanda tsakiyarsa ta sauko ƙasa, don a shiga ba sai an wurga ƙafa ba. Ya samo tayoyi masu faɗi, da feda ta ƙarfe, da sirdi mai faɗin faranti, ya canza masa sifirin ya sa mai tauri. Abu ɗaya ya gagara, rim ɗin baya mai rami arba'in, wanda zai ɗauki sifok masu kauri. Mai talatin da shida yana ko'ina, amma shi ya rantse sai arba'in. Ya ba direbobi saƙo, ya ba 'yan kasuwa saƙo, aka kawo ɗaya ya ce a karkace yake, aka mayar.

Kowane sati Gingimari zai zo ya zauna a benci, ya kalli kekensa rataye ba ƙafar baya. "Yaya dai, maigida?" zai tambaya cikin zolaya. Amsar dai ita ce wadda kowa ya saba ji, shi kuma ya yi dariya ya ce ai ko shi ba a ɗaga masa ƙafa ba. Damina ta shigo, ta fita.

Cikin wannan jiran ne Gingimari ya fara ramewa. Mutane suka yi ta yi masa barka, har masu cewa ya ba su sirrin. Shi kuma ya ce keken ƙanensa ne, tun kafin a hau ya fara aiki. Sai-Gobe ya yi dariya tare da kowa. Mutumin da yake gane rawar ƙafar keke ta kaurin gashi, bai lura bencinsa ya daina ƙara ba. Bai lura yayansa yana zuwa da ruwa a gora maimakon abin taɓawa ba. Daga baya zuwan ma ya ragu, ya ɗauka fushi ne, ya ce a ransa in ya ga aikin zai huce.

A wata na bakwai rim ɗin ya iso. Sai-Gobe ya zauna ya saƙa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya kwana biyar yana ɗaurewa yana sassautawa, don akwai wata 'yar rawa da ta ƙi fita. Yana cikin haka da hantsi sai ga matar yayansa, wadda tun da aka kawo ta ba ta taɓa taka rumfar ba. Da, in sun haɗu sai ta tsokane shi ta ce ko ranar mutuwarsa sai ya ce a dawo gobe. Yau ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Ka ba shi keken nan haka."

"Anti, saura ƙiris. Kin ga nan wurin..."

"Ka ba shi ko da mai ƙafa ɗaya ne! Wata huɗu ke nan da likita ya ga abu a cikinsa. Sun ce ya wuce aiki. Shi ya hana a gaya maka, wai kada ka yi gaggawa ka ɓata aikinka, ka zo kana jin haushin kanka."

Sifana ta faɗi daga hannunsa. Ya kalli lambar da ya rubuta a katanga, ruwan sama ya wanke rabinta. Kunya da tsoro suka rufe shi lokaci ɗaya. Bai sake taɓa waya ko ɗaya ba. Ya ɗaura ƙafar yadda take, ya buga iska, ya tura keken zuwa gidan yayansa, matar tana biye.

Gingimari ya fito yana dafa bango. Rigarsa ta yi masa yawa kamar ta aro, wuyansa ya zama siriri, idanun ne kawai nasa. Ya zagaya keken yana taɓa komai, ƙararrawa, birki, sirdi. Ya ce, "Kai, ka yi aiki." Ya kama kan keken zai sauke shi daga kan ƙarfen da yake tsaye a kai, keken ya ƙi motsi. Baƙin ƙarfe ne, an haɗa shi don ƙaton mutum, ƙaton kuwa ba ya nan. Sai-Gobe ya taimaka masa ya zauna. Sifirin ɗin sirdin ko lotsawa bai yi ba. A nan ya gane cewa yanzu duk keken da ke rumfarsa zai ɗauki yayansa, har da jan nan na 'yan gayu, kuma wannan da ya ɓata wata bakwai a kansa shi ne kaɗai ya fi ƙarfinsa.

"Ɗora ƙafa a feda, Yaya. Ka kalli gabanka, kada ka kalli ƙasa."

Ya kama bayan sirdin ya fara turawa a cikin layin. Fedar ce take juya ƙafafun Gingimari, ba shi yake juya ta ba. Maƙwabta suka fito ƙofar gida suna kallo, ba wanda ya yi dariya. Suka wuce gida uku, suka wuce huɗu, iska ta fara kaɗa rigar. Gingimari ya kaɗa ƙararrawa sau biyu.

"Sake ni mana, in ji yadda ake ji!"

Sai-Gobe ya san in ya ɗauke hannu, taku biyu ba za a yi ba zai kife, kuma jikin nan ba zai jure faɗuwa ba. Ya sauke hannunsa ƙasa da sirdin inda ba za a ji ba, ya ƙara gudu.

"Ai na sake ka tun ɗazu, Yaya! Kai kaɗai kake tafiya!"

Gingimari ya saki wata dariya irin ta da, mai cika layi, har ta koma tari. A bakin titi ƙanensa ya tsayar da shi, ya rungumo shi ya sauke, ya zaunar da shi a kan wani dakali. Ya daɗe yana mayar da numfashi, kansa a kafaɗar ƙanensa. Daga nan ana hango inda titin ya miƙe ya shige cikin gari, motoci da kekuna suna ta wucewa.

"Na ga inuwarka a ƙasa," ya ce a hankali. "Har da hannun."

Hawaye suka zubo wa Sai-Gobe.

"Bar kuka, babba da kai. Keken ba shi da laifi. Ko ƙara bai yi ba. Mayar da ni gida, na gaji."

A bayansa Sai-Gobe ya goya shi, ya bar keken jingine a bakin titi, sai wani maƙwabci ne ya turo shi daga baya. Kwana goma sha ɗaya bayan nan Gingimari ya rasu. Iyakar tafiyarsa a kan keke gida tara ce, kuma a riƙe.