Ramin da Arzika Ya Hana a Cike

Da daminar bana Arzika direba ya cika shekara bakwai da rasuwa. Taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata. Ni Tunau nake rubuta wannan da hannuna, don haka duk wanda ya ga harafi ya kwanta inda ya kamata ya tsaya, ya yi mini uzuri. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, shi ma ban ƙare ba, don malamin ya ce duk ranar da na zo, ajin yakan koma kasuwa. Tun muna yara ni da Arzika kowa ke cewa ɗayan bawansa ne, har ya tafi ba wanda ya raba mana gardamar.

Ga wanda bai san shi ba, dogon Bagobiri ne mai tsage har kunne, mai wata tsohuwar akori-kura da ke ɗaukar gero da albasa da awaki da mutane tsakanin kasuwar Sabon Birni da ta Isa. Hanyar da ta ratsa garinmu tana cikin waɗanda anka ce an ba da kwangilarsu daga Abuja tun gemuna yana baƙi. A bakin gari akwai mashigin ruwa inda kwalbati ya rufta. Kowace damina ruwa ya ci gefe, ramin ya ƙara baki. In mota ta iso sai fasinja su sauka, a sauke buhuna, a tura, a sake lodi a wancan ƙetaren. In ruwa ya kawo kuwa, sai kowa ya nemi gindin itace ya zauna.

Wata shekara da rani sai labari ya zo cewa wani kwamiti na 'yan majalisar tarayya, masu sa ido kan ayyukan hanyoyi, zai biyo ta wajenmu don su ga halin da hanyar take ciki. To, mu muna da wata ɗabi'a da munka gada. Baƙo ba ya ganin dattinmu. In babban mutum zai zo, har bayan rumbu ake sharewa. Mai gari ya sa sanƙira ya kira gayya. Anka fito da ganga, da shebur, da kwanduna, da jakkai. Matasa sunka yi ta jido marmara suna zubawa a ramin, ana dandaƙewa ana waƙa. Mata sunka share, sunka yayyafa ruwa. Har duwatsu anka shafa wa farar ƙasa anka jera a gefe. Arzika da kansa ya yi ta jigilar ƙasa da motarsa yana alfahari.

Baƙi sunka zo da jiniya, sunka wuce kan ramin sumul, ko girgiza ba su ji ba. Sunka ci rago, sunka yaba mana, sunka tafi. Daga baya munka ji cewa an sa hanyarmu cikin masu ɗan dama-dama, waɗanda za su iya jira. Ban ga laifinsu ba, abin da munka nuna musu shi sunka gani. Ruwan farko ya kwashe gayyarmu kaf ya kai ta gulbi. Ranar na ga Arzika tsaye a bakin ramin, hannu a ƙugu, yana kallon inda ruwa ya bi da ƙasar da ya yi ta jigila.

Bayan wasu shekaru anka sake cewa kwamiti na tafe. Sanƙira ya sake zagayawa. Da safe mutane sunka fito da kwanduna, sai sunka iske akori-kurar Arzika zaune tsakiyar ramin, an ɗora ta kan duwatsu, tayoyinta an jingine su can gindin wata bagaruwa. Shi kuwa yana saman motar yana cin goro.

Anka kira mai gari, ya zo da sandarsa.

"Arzika, mi na na wanga? Hidda motarka, baƙi na tahe."

"Ranka shi daɗe, lalacewa ta yi. Tayoyin sunka hita, ikon Allah."

"Su sunka kwance kansu, sunka tahi inuwa sunka jingina?"

"Haka na ishe su, ranka shi daɗe."

Matasa sunka fashe da dariya, mai gari ya daka musu tsawa. Ya ce, "Kunya kaka so ka ba garin ga gaban manya?"

Arzika ya sauko, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa yadda ake yi. Ya ce, "Wancan karon mun ruhe masu ido da hannunmu, sunka tahi. Mutanen ga ba ɗiyarmu sunka zo nema ba balle mu yi mata kwalliya. Ciwo sunka zo dubi."

Liman ya sa baki, ya ce girmama baƙo addini ne. Arzika ya ce, "Gaskiya na, Malam. A yanka masu rago, ni za ni kawo icce. A dama masu hura da nono su sha har su ƙoshi. Amma ramin ga, shi anka aiko su gani, kuma sai sun gane shi."

Sai mai gari ya hango ni kwance ƙarƙashin motar. Ya ce, "Kai kuma Tunau, da kai anka haɗa baki?" Na ce, "Ranka shi daɗe, ni inuwa nika sha." Allah ya sani gaskiya na faɗa. Ni tun ina saurayi in an buga gangar gayya cikina ke ciwo, in an sauke tuwon gayya ya warke. Amma daga ranar anka riƙa lissafa ni cikin jaruman da sunka tsare rami, ni kuwa ban taɓa ƙaryatawa ba.

Ba a iya zuba ƙasa kan motar mutum, kuma ba wanda ya yarda ya ɗaga ta, don matasan da ake so su ɗaga su ne masu tura motoci kowace damina. Haka gayya ta watse. Da baƙi sunka iso, jiniya ta yi kuka ta gaji ta yi shiru. Manya sunka fito da manyan riguna, sunka tattare su, sunka gangara cikin ramin da ƙafa, rairayi na cika musu takalma. Shugabansu, wani dattijo mai tabarau, ya tsaya tsakiya ya dubi bakin ramin da ya fi shi tsawo. Ya tambayi tun yaushe abin yake haka. Kafin maza su gama gyaran murya, ungozomar garinmu ta kutso ta ba shi labarin matan da ta raka zuwa asibitin Isa kan amalanke, da waɗanda sunka haihu nan bakin ruwa ana kare su da zane. Dattijon ya juya ya nemi wakilin ɗan kwangilar da ke cikin ayarin. Na ga mutum yana neman magana a cikin hularsa.

Ba za ni yi muku ƙarya in ce an yi mana gada ba. Abin da ya faru shi ne, wata rana a tasha munka ji a rediyo an ambaci hanyarmu a zauren majalisa, an ce a kira waɗanda aikin ke hannunsu su zo su yi bayani. Arzika ya sa duk tasha ta yi tsit, har mai shayi ya daina kaɗa ƙwai. Daga baya ma'aikata sunka zo sunka kafa ginshiƙai, sunka tafi. Suna nan tsaye har yau, ƙarafa sun fito daga kansu, awaki na hutawa a inuwarsu. Wasu a garin ba su yafe wa Arzika ba, sunka ce ya tona mana asiri don ginshiƙan awaki. Mai gari bai amsa gaisuwarsa ba sai da Sallah ta zagayo.

Da damina ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Munka sa shi a bayan motarsa za mu kai shi Isa, munka iske ruwa ya cika mashigin yana tafasa. Munka zauna tun hantsi. Kansa na kan cinyata, ya buɗe ido ya dubi ruwan, ya ce, "Bawana, ka gani? Yau ta kamata su zo." Na ce, "Wa a bawanka? Tashi ka tuƙa motarka." Ya yi murmushi. Kafin ruwan ya janye da la'asar, Arzika ya riga mu ƙetarewa. Ban ce rami ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma na san inda nake zaune lokacin da ya ƙare.

Yanzu nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. A zamaninsa ramin ɓata lokaci yake yi, yanzu rai yake ci. Duk direba ya san inda mota ke rage gudu nan 'yan bindiga ke jira, kuma babu inda ake rage gudu kamar mashiginmu. Motocin kasuwa sun ragu. Mai gero daga Unguwar Lalle ya gwammace ya ɗaura buhu kan babur ya bi ta daji yana salati. Ina jin a rediyo ana zama a Abuja kan jirgin ƙasa da manyan tituna, ana kiran manyan ma'aikata ana yi musu tambayoyi, kuma ban raina wannan ba, aikin da anka zaɓe su su yi ke nan. Sai dai na san abin da Arzika zai ce: ku zo da damina, ku zo ta mota, kuma kada ku aiko a gaya mana kuna tafe. Mai sa ido in ya yi sallama tun daga nesa, kwalliya zai tarar.

Zai kuma juyo kanmu, don mu ya fi yi wa faɗa. Mu jikokin mutanen Alkalawa ne, tsohon birnin Gobirawa, muna da girman kai, ba mu son a ga gazawarmu. To amma kwalbatin nan ba mu munka rushe shi ba, kunyarsa ba tamu ba ce. Me ya sa za mu ɗauke ta mu rufe da kwandunanmu?

Ga dalilin da ya sa na ɗauki biro. An ce bayan girbi wani kwamitin zai biyo. Tsohon mai gari ya rasu, Allah ya jiƙansa, ɗansa ke kai yanzu, yaro mai kirki da ilimi. Amma ranar Juma'a na ji sanƙira yana cewa kowa ya gyara sheburinsa. Na je fada na ce, "Ranka shi daɗe, wagga gangar na san ta." Ya ce, "Baba Tunau, ɗan gyara na kawai, don kada motocinsu su maƙale." Na ce, "To mi sunka zo yi in ba su maƙale ba?"

Arzika bai bar gidan siminti ba. Akori-kurar tasa 'yan gwangwan sun yanka ta tuntuni. Abin da ya bari shi ne ramin da yara ke kira da sunansa, da ginshiƙan da ke nuna cewa sau ɗaya an tilasta wa wani ya amsa tambaya saboda mu. Ni ba ni da mota, ba ni da tayar da za ni kwance. Ina da tabarma da buta, kuma duk garin nan babu wanda ya kai ni iya zama ba aikin komai. Ranar gayya za ni shimfiɗa tabarmata tsakiyar ramin Arzika. Wanda ya ga zai iya, ya juye kwandonsa a kaina, ya hutar da mutane haƙar kabari. In ba haka ba, nan baƙi za su iske ni, kuma sai sun sauko da ƙafa mun gaisa.

Allah ya jiƙanka, bawana. Ka ga yau ba inda za ka ce a'a.